Hannun Hagu a Aljihu

Autata tana karatun injiniyan lantarki, kuma ran nan na same ta a falo ta miƙe ƙafa a kan kujera, kwamfuta a cinya, kofin shayi a gefe, wai tana lab, wato darasin ɗakin gwaji. Na ce wane irin lab? Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Sai ga haɗin wayoyi an zana shi tsaf, ga makunni, ga rezista, ga kafasita irin wadda ake sa wa fanka. Ta danna wani wuri da ɗan yatsa, layi ya tashi ya lanƙwasa ya kwanta, lambobi suka jeru da kansu a ƙasa. "Shi ke nan, Abba, na gama," in ji ta. "In na yi kuskure ma sai in goge in sake. Babu shokin, babu komai." Na tsaya ina kallon hannayenta biyu suna yawo a kan madannai yadda suka ga dama, sai na ji hannuna na hagu ya lalubi aljihun kaftanina ya shige da kansa. Shekara talatin da wani abu ke nan yana yi mini haka duk inda aka ambaci wuta. Uwarta har tsokanata take yi, wai ko ƙwan fitila zan canza sai na tsaya kamar wanda za a ɗauka hoto.

Ni kuwa ba haka aka raine ni ba. Mahaifina tela ne a garinmu, can arewa, kuma a wurinsa babu rashin kunyar da ta kai yaro ya tsaya gaban babba da hannu a aljihu. Ina ƙarami na kwaso wannan ɗabi'ar wajen 'yan sakandaren da nake gani suna yanga in sun zo hutu. Ya yi mini magana sau ɗaya, ya yi sau biyu, a na uku bai ce uffan ba. Da safe na ɗauki rigata na tarar ya bi aljihunan duka da keke ya ɗinke su ruf. Shekara biyu ina yawo da riga mai aljihun ƙarya, gyaɗata ma a hula nake zuba ta. Abin da ya koya mini ba shi da yawa, amma ya shiga jini. Babba ya zo wucewa, ka saki abin da kake yi ka rusuna. Ya miƙo maka abu, ko allura ce, ka karɓa da hannu biyu. Ya ba ka hannu, ka tallabe damanka da hagunka ka sunkuyar da kai. Ban taɓa tsammanin akwai wurin da wannan tarbiyyar za ta nemi ta ja mini asarar shekara guda ba.

Lokacin da na zo karatu, Abuja ba ta gama zama gari ba. Jar ƙasa ce ko'ina, da katafila, da faffaɗan tituna da ke tafiya su ƙare a cikin ciyawa ba su kai ka ƙofar kowa ba. Kadon nan da nake zaune yau, inda sai ka ɓata rai a cunkoson motoci kafin ka wuce kasuwar kifi, a lokacin gonaki ne da 'yan gidajen ƙasa, mata na gangarowa daga tudu da itace a kafaɗa. Makarantarmu tana can bayan gari, motar da ke kai mu kuwa sai ta cika ta batse sannan direba ya tuna inda ya ajiye makulli. Na iso da akwatin ƙarfe da farar rigar lab da mahaifina ya ɗinka mini, bayan ya zagaya da ita layin teloli kaf yana cewa rigar injiniya ce. Ya yi mata aljihu biyu don an ce dole ne, amma ya ja mini kunne cewa na biro ne da takarda, ba na hannu ba.

Ɗakin gwajin lantarki dogon ɗaki ne mai teburan katako takwas, kowanne da tabon ƙuna kamar an manta dutsen guga a kansa. Har yau in na rufe ido ina jin sautin wurin. Taransifoma tana gurnani a kusurwa ba ta hutawa, fanka ɗaya tana kuka kamar keken mahaifina in ya rasa mai, makunnai suna ƙas-ƙas daga tebur zuwa tebur. Ga warin dalmar da aka narka, ga warin rezistar da wani ya ƙona, wanda da ya tashi kowa zai ɗago kai ya ga teburin wa ke hayaƙi, a yi masa dariya, gobe kuma a yi wa mai dariyar. Malamanmu masu manyan digiri sukan leƙo su fita. Mai ɗakin na gaskiya wani tsoho ne gajere, ƙaƙƙarfa, ɗan asalin wurin, Bagwari, wanda ƙauyensu yanzu ya zama rukunin gidaje mai geti da masu gadi. Ba shi da digiri ko ɗaya. Shi ke riƙe da makullai, shi ke gyara mitoci, shi ke sa hannu a littafin aikin kowa. Mun raɗa masa suna Oga Mai Aljihu, don babu wanda ya taɓa ganin hannunsa na hagu. Da dama yake rubutu, da dama yake ɗaure waya, da dama da haƙori yake fere ta. Wasu suka ce laya yake riƙe da ita, wasu suka ce goro yake ɓoyewa kada a roƙa.

Ranar farko bai bar mu mun taɓa komai ba. Ya jera mu, ya jawo wani dogon ɗalibi gaba, ya ɗora alli a kan yatsan ɗalibin na dama, ya ja layi ya bi hannu, ya ratsa ƙirjin farar rigarsa, ya sauka a yatsan hagu. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kun gani? In hannu biyu yana kan aiki, nan wuta zai bi. Me yana nan tsakiya?"

"Zuciya," muka ce.

"To. Wuta ba ya san babba, ba ya san gaisuwa. In tebur yana da wuta, hannun hagu yana aljihu. Ko ni na zo, ko shugaban makaranta ya zo, ko babanka ya zo daga gida. Ka kashe, ka sauke, ka auna, sannan ka gaishe mutum. Oya, kowa hannu na aljihu."

A bayan ƙofa akwai allo da sunayenmu. Duk wanda aka kama da hannun hagu a waje alhali teburinsa na da wuta, sai a ja masa sanda ɗaya da alli. Sanda uku, ka bar ɗakin har ƙarshen zango. Lab kuwa dole ne, wanda bai ci shi ba sai ya maimaita shekara. Oga ba ya jin roƙo. Manyan ajinmu sun ba mu labarin ya taɓa korar ɗan wani babban darakta, uban ya zo da kansa a doguwar mota, ya koma yadda ya zo.

Sati na biyu na samu sandata ta farko, kuma ko sanin na yi laifi ban yi ba. Muna cikin awo Oga ya zo wucewa ta bayana. Jikina ne ya gan shi kafin ni. Hannu ya fito, gwiwa ta lanƙwashe, bakina ya ce, "Sannu da aiki, Oga." Bai amsa ba. Ya wuce kai tsaye bayan ƙofa, na ji ƙiiit ɗin alli. Abokiyar aikina, wata Banufiya mai kaifin baki da aka haɗa mu tebur ɗaya, ta dube ni ta ce, "Ɗan tela, ka gaishe shi, ya amsa maka a allo." Ranar na ji haushi ƙwarai. A ganina an hukunta ni ne don iyayena sun yi mini tarbiyya.

Amma haushin bai hana ni son ɗakin ba, don a can na fara ganin wuta da idona. Akwai wani akwatin ƙarfe mai ɗan koren gilashi, osiloskof sunansa, mu kuma muna ce masa talabijin ɗin Oga. Mun haddace a littafi cewa wutar gida ba miƙe take tafiya ba, kai-komo take yi, sau hamsin a daƙiƙa guda. Haddacewa daban, gani daban. Ranar da Oga ya murɗa wani maɓalli, koren layin nan ya daina gudu ya tsaya cak, tudu da kwari, tudu da kwari, sai da tsigar jikina ta tashi. Ni da sai ina aji shida aka ja mana wuta a gida, muka taru muna kallon ƙwan fitila kamar baƙo, ga ni yau ina ƙirga numfashinta a gidajen gilashi. Muka koyi ɗora layi biyu tare, na ƙarfin wuta da na gudunta. In ka sa naɗin waya a hanya, gudun ya makara, ya biyo baya. In ka sa kafasita, ya riga shi isa. Sai mu ƙirga gidajen da ke tsakaninsu, mu zana da fensir a takarda mai gida-gida, mu goge, mu sake, har takardar ta kusa hujewa. Na taɓa yin gardama da Oga cewa mitarsa ta lalace, don ta ce ɗari biyu da ashirin, gilashi kuma ya nuna ƙololuwar tudun ta haura ɗari uku. Ya ce, "Babu wanda ya yi ƙarya. Mita yana gaya maka aikin da wuta yana yi. Gilashi yana nuna maka iyakar fushinsa. Wanda zai kama ka, fushin ne." In an ɗauke wuta kuwa, aka tayar da janareto, sai ka ga kan tudun ya lotsa, mu ce talabijin ya kamu da mura.

Sanda ta biyu a kan kafasita na same ta. Mun shigo darasin abin da ke faruwa a ɗan taƙin lokacin da aka kunna ko aka kashe, kafin komai ya natsu. Oga ya ce kafasita bokiti ce mai huji a gindi. In ta cika ka rufe famfo, ruwan bai tafi ba. Da farko zai tsiyaye da ƙarfi, sannan a hankali, sannan ɗigo-ɗigo. Akwai ma'aunin lokacin tsiyayar da littafi ke kira da wani harafin Girka, tawu. A bakin Oga sai ya koma tuwo, mu ma muka bi shi a haka. "An kashe ba ya nufin ya mutu," in ji shi. "Ka jira tuwo biyar, ka taɓa da sanda, ka auna." Sandar nan wani icce ne da ya ɗaura wa waya don zuƙe sauran wutar. Yana gama wannan bayanin ya ɗauki wata 'yar kafasita daga kan tebur ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe." Babba ya miƙo mini abu. Na tara hannu biyu na karɓa, ƙafar kafasitar ɗaya a wannan tafin, ɗaya a wancan. Wuta ta fizge ni har gwiwar hannu, na yi wurgi da ita, na ambaci sunan Allah da ƙarfin da har masu wucewa a waje suka leƙo. Ɗan kaɗan ya ɗura mata, da gangan, kuma daga baya na ji kowace shekara yakan zaɓi wanda ya fi kowa ladabi ya yi masa haka. Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya tafi bayan ƙofa.

Daga nan na shiga rayuwar mai sanda biyu, ga zango ko rabi bai kai ba. In na tuna layin teloli da rigar injiniya, in tuna zan koma in ce wa mahaifina an ƙara mini shekara, sai abinci ya fita raina. Kuma me zan ce masa ya jawo? Gaisuwa? Abokiyar aikina ma abin ya dame ta, don in aka kore ni ita kaɗai za ta rage a tebur. Ta ciro fil daga ɗankwalinta ta maƙale mini hannun riga da bakin aljihu. Kwana uku muna haka lafiya lau. A na huɗu Oga ya tsaya a kaina, ya zare fil ɗin, ya miƙa mata. "Fil ba zai bi shi wurin aiki ba," ya ce. Sai na koma horar da kaina. Ina tafiya masallaci hannu a aljihu, ina layin abinci hannu a aljihu, ina jin kaina kamar ɗan iskan gari. Sannu a hankali hannun ya fara zama, amma ban yarda da shi ba, don na san gidan da ya fito.

Ranar jarrabawar aiki aka ce mana babban mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a ya zagaya. Ban damu da ko wane ne ba. Aikin da ya faɗo mana shi ne tsiyayar kafasita: wata ƙatuwa kamar gwangwanin madara, ƙafafunta biyu tsirara a sama, a cika ta da bolt ɗari biyu, a buɗe makunni don yanke mata wuta, a karanta allurar mita duk bayan daƙiƙa goma. Tuwonta ɗaya daƙiƙa goma ne, tuwo biyar daƙiƙa hamsin. Dama ɗaya ake ba kowa, don wasu na jiran teburin. Abokiyar aikina ta kwantar da agogonta a gabanta, ta ɗora yatsa a makunni. Na maƙala baƙar wayar mita, na dafa jar a kan ƙafar kafasita da hannun dama, hagu a aljihu. Allura ta hau ta tsaya a ɗari biyu. Sandar agogo ta kai sha biyu, ta buɗe makunni, ƙas.

A daidai wannan lokacin na ji murya a kaina.

"A'a! Wannan ba ɗan telanmu ba ne? Kai ne a nan? Masha Allah!"

Ban buƙaci ɗago kai ba. Ashe mai jarrabawar Farfesa ne, na farko da garinmu ya taɓa haifa, mutumin da in ya shigo shago mahaifina kansa yake tashi daga kan keke ya rusuna. Ta gefen ido na ga hannunsa ya miƙo mini, a buɗe, da fara'a. Na ga hannun babbar rigarsa yana lilo bai fi taƙi ɗaya daga ƙafafun kafasita ba. Na gane aikin wuyan rigar ma, ɗinkin mahaifina ne. Hannuna na hagu ya zabura a cikin aljihu kamar an tsikare shi. Na damƙe ƙyallen ciki har na ji zare yana ƙara. Can bakin ƙofa Oga na tsaye, alli a hannu.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni," na ce, idona a kan allura. "Akwai wuta a teburin. A ɗan ja baya kaɗan."



"Goma," in ji abokiyar aikina, tana ƙirga daƙiƙa.

"Saba'in da biyar," na ce. Ta rubuta.

Farfesa ya ja baya taku ɗaya, amma bai sauke hannun ba. Shugaban sashenmu, da ke biye da shi, ya yi gyaran murya ya matso kusa da kunnena. "Kai, ba ka ga Farfesa yana ba ka hannu ba?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Ashirin."

"Ashirin da takwas."

Na riga na ga yadda labarin zai isa shago kafin ni, na ga fuskar mahaifina. Ɗan da ya ɗinke wa aljihu shekara biyu, ga shi tsaye ƙiƙam gaban Farfesa, hannu a aljihu, ko kallonsa bai yi ba, har yana ba shi umarni ya matsa.

"Talatin."

"Goma."

Nan ne abin ya fi yi mini wuya. Bolt goma ko jariri ba zai ji ba, kuma na san haka sarai. Zuciyata ta ce ai haɗari ya wuce, saki wayar ka durƙusa, ko rabin mutuncinka ka tsira da shi. Amma Oga bai ce tuwo uku ba. Na ga hannun Farfesa ya sauka a hankali ya koma bayansa. Bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon allurar tare da ni, ita kuma tana sauka a hankali kamar ba ta da wurin zuwa.

"Arba'in."

"Huɗu."

"Hamsin."

"Ɗaya da ɗan wani abu."

Na ajiye jar waya, na ɗauki sandar icce na taɓa ƙafafun biyu, na sake aunawa. Sifiri. Sannan na zaro hannuna, ya jiƙe sharkaf, na zube ƙasa na miƙa duka biyun. Farfesa ya dube ni na ɗan lokaci. Ya taɓa yatsuna sama-sama, ya karɓi takardar awonmu ya duba, ya ce, "Hm," ya wuce tebur na gaba. Shugaban sashe ya harare ni harara mai cewa za mu haɗu. Har yau ban san ko fushi Farfesa ya yi ko akasin haka ba.

Da aka watse na tsaya naɗe wayoyi. Oga ya rufe tagogi, ya kashe babban makunnin ɗakin, taransifoma ta yi shiru. Ya zo ya tsaya a gabana. Na dubi allon bayan ƙofa, ya bi idona da kallo. "Sanda biyu yana nan," ya ce. "Ba na gogewa. Amma biyu ne." Sai ya yi abin da babu ɗalibin da ya taɓa gani. Ya zaro hannunsa na hagu. Babban yatsa ne da manuni kawai suka rage. Sauran wurin fata ce a tattare, mai sheƙi, tabon ya haura har wuyan hannu. Ya kama hannuna na dama ya riƙe shi da nasa duka biyun.

"Ina saurayi kamar kai, ina aiki da masu jan waya," ya ce. "Ogana ya miƙo mini kebul, ya ce an kashe. Ni ma babana ya koya mini ladabi. Na karɓa da hannu biyu." Ya ɗan girgiza hannuna. "Allah ya bar mini zuciya, ya karɓi yatsa uku. Je ka, injiniya."

Bai taɓa kiran ɗalibi da wannan sunan ba. Na fita na zauna a gindin mangwaron da ke bayan ɗakin na yi kukana, ba na jin kunyar faɗa. Daga baya a wurin aiki an ba ni takardun yabo masu firam, suna can a ɗaki sun yi ƙura, babu wadda na ji a raina kamar riƙon nan na yatsu bakwai.

Labarin kuwa ya riga ni isa gida, kamar yadda na zata. Na je hutu na tarar da mahaifina a kan keke, ko ɗagowa bai yi ba.

"Farfesa ya ce ka shanya shi."

"Haka ne, Baba."

"Hannu a aljihu."

"A aljihu, Baba. Akwai wuta ne."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Daƙiƙa hamsin."

Ya tsayar da keken. "Har ƙirgawa ka yi?"

"Ƙirga mini aka yi."

Na yi masa bayanin layin alli da zuciya, ya saurara har ƙarshe, ya ce duk da haka rashin kunya ce. Har Allah ya karɓi ransa bai janye wannan maganar ba. Sai dai duk ranar da wayar shago ta yi tartsatsi ina gari, ni yake aikawa a kira, in na ɗauko filaya kuma sai ya ce, yana kallon wani wurin, "To, sa hannun naka a inda kake sa shi."

Na ci jarrabawar, ban maimaita shekara ba. Na yi aikina a ma'aikatar gwamnati a garin nan har na yi ritaya, ina kallon ciyawa tana zama unguwanni, ina bin tashoshin wuta da ƙananan injiniyoyi a bayana. Na san suna ce mini Oga Aljihu in na juya baya, kuma ban taɓa nuna na ji ba, don daɗi yake yi mini. Abin da nake alfahari da shi ɗaya ne, kuma zan faɗe shi ba tare da kara ba: duk wanda ya fita aiki a ƙarƙashina ya koma gidansu da yatsunsa goma. Oga Mai Aljihu ya daɗe da rasuwa. Tsohon ɗakin ma na ji an mai da shi ofis, an sa masa tayil da na'urar sanyi. Ba na cewa zamanin autata bai fi namu ba. Layinta ya fi nawa kyau, lissafinta ya fi nawa daidai, abin da muke kwana uku muna zanawa tana gama shi kafin shayinta ya huce. Illa dai kwamfuta ba ta taɓa cizon kowa ba, wutar da ke jiran ta a waje kuwa tana nan da halinta.

Wata mai zuwa za ta fara zuwa koyon aiki wani kamfani a wajen Dei-Dei, inda akwatunan wuta na gaske suke. Na ce ta kawo mini rigar lab ɗinta in gani. Ta kanti ce, fara tas, mai kyan yanka. Na sa yatsa a aljihun, ya ƙi shiga. Murfi ne kawai aka ɗora don ado, aljihun ƙarya. Na yi dariya har ta tambaye ni lafiya, sai na zaunar da ita na ba ta labarin nan kaf. Washegari na jawo keken mahaifina daga sito, na zuba masa mai, na yanka ƙyalle na ɗinka mata aljihu mai zurfi a hagu. Ɗinkin ya ɗan karkace, da mai keken na raye da ya sa na farke.

Na miƙa mata rigar. Ta rusuna ta karɓa da hannu biyu, yadda ni da uwarta muka koya mata. Na ce, "Wannan babu wuta a jikinta. Saka ki biyo ni." Muka je inda injin batiran gidan yake, na kashe shi, na buɗe murfin, na nuna mata manyan kafasitocin ciki, na ba ta tsohuwar mitata mai allura. Ta cusa hannun hagu a sabon aljihun, ta maƙala baƙar waya, ta dafa ja, allura ta yi tsalle ta hau.

"Abba! Ai mun kashe!"

"Mun kashe," na ce. Na ɗauko sukudireba na miƙa mata ta gefen hagu. "Ungo, riƙe mini wannan."

Na ga aljihun ya motsa. Ƙyallen ya tattare, kamar an damƙe shi daga ciki. Sannan ya tsaya.

"Abba, a ɗan ja baya," in ji ta, idonta a kan allura. "Akwai wuta."

Na ja baya taku ɗaya. Na tsaya nan da sukudireba a hannu, 'yar cikina ta shanya ni, kuma ban sauke hannun ba sai da allurar ta kwanta.